Matokarin Aksul da Darasin Fijo 504: Abin Dubawa Kafin a Ƙara wa Mota Ƙarfe

Wanda ya saba bin hanyar Nnamdi Azikiwe, wadda mutanen Kaduna suka fi kira baifas, ya san yadda garejojin kanikawa suka jeru a gefen Unguwar Mu'azu da Kabala West. Mafi yawan abin da ake kawo musu motocin neman abinci ne: tasi, bas-bas na haya, akori-kura masu ɗaukar buhuna, da manyan motocin da suka gaji da hanya. Amma lokaci zuwa lokaci sai a ga baƙuwa ta shigo, wata Mustang ko Camaro da ta kwana biyu, wadda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano. Mai ita yawanci matashi ne, kuma sau da yawa ba gyara ya kawo ba. Waya yake miƙa wa bakanike, a cikinta hoton wani dogon ƙarfe mai jan fenti, ya ce: "Oga, wannan nake so a sa mini a baya. An ce idan aka sa shi taya ba ta ƙara zamewa."

Ƙarfen nan shi ne Amurkawa ke kira tok-am. Da Hausa ana iya ce masa matokarin aksul, domin aikinsa ke nan, ya tokare aksul ɗin baya kada ya murɗe sa'ad da injin ya saki ƙarfinsa. Ƙarfe ne mai amfani na gaske, kuma waɗanda suka ƙirƙiro shi sun san abin da suke yi. Sai dai sayensa ba kamar sayen fitila ko murfin kujera ba ne. Duk wanda ya sauya shi ya sauya yadda motar ke taka ƙasa, da yadda take tsayawa idan an danna birki. Saboda haka matokari mafi dacewa da motar da ke yawo a Kaduna shi ne wanda ya fi kusa da ƙirar kamfani, dogo, mai bushin roba, wanda aka auna kafin a ɗaure. Wanda ya fi kauri da ƙyalli da tsada a kasuwar intanet an yi shi ne domin wata hanya dabam, a wata ƙasa dabam, kuma a nan yana iya zama gyaran gangar Auzinawa.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin mota

A motar da tayoyin baya ke turawa, ƙarfi yana tasowa daga injin, ya bi ta giyabos, ya bi ta farfela, ya shiga aksul, sannan ya isa taya. A kowane mataki giya tana rage gudun juyawa, tana ninka ƙarfin murɗa. A ɗauki misali domin lissafi ya fito fili. Injin da ke ba da ƙarfin murɗa na Nm 400, idan giya ta ɗaya ta ninka shi sau 3, giyar cikin aksul kuma ta sake ninkawa sau 3.5, abin da ke isa tayoyi ya kai Nm 4,200.

Wannan ƙarfi ba ya tafiya gefe ɗaya. Wanda ya taɓa kwance noti mai tauri ya san yadda sifana ke tura hannunsa baya daidai da yadda yake tura ta. Haka aksul yake. Yayin da yake juya tayoyi gaba, kwanson da ya rufe shi yana ƙoƙarin juyawa baya da ƙarfi iri ɗaya, sai hancinsa, wato inda farfela ke shiga, ya nemi ɗagawa sama. Idan aka taka birki lamarin ya juye, hancin ya nemi dukawa ƙasa. Dole wani abu ya riƙe wannan kwanso, in ba haka ba zai yi ta kai da komo har ya karya abin da ke kusa da shi.

A akori-kura irin su Hilux, sifirin ganye ne ke wannan aiki tare da ɗaukar kaya. Shi ya sa idan direba ya yi lodi mai nauyi ya kuma saki kuloci da ƙarfi a kan yashi ko tsakuwa, akan ji bayan motar yana tsalle yana bugawa. Sifirin ne ya lanƙwashe saboda murɗar aksul, taya ta zame, sifirin ya saki, taya ta sake kamawa, haka dai a jere cikin sauri. Wannan tsalle shi ke cin kuros ɗin farfela, ya tsinka kusoshin da suka ɗaure sifirin, wani lokaci ya fasa haƙoran giya.

A motar da ke da sifirin naɗi kuwa, sifirin ba ya iya riƙe komai sai nauyi. Dole a kawo sanduna su riƙe aksul. Matokari ɗaya ne daga cikin hanyoyin yin haka. Dogon ƙarfe ne da ake ɗaure gindinsa gam da kwanson aksul, ya miƙe gaba kusa da farfela, kansa ya zauna a wani mazauni a tsakiyar motar. Tsawonsa shi ne sirrinsa, kamar yadda doguwar sifana ke sauƙaƙa kwance noti. A misalin da ya gabata, idan matokarin ya kai mita 1.4, ƙarfin da kansa zai tura mazauninsa sama ya kai kimanin nauyin kilo 300. Idan aka rage tsawonsa da rabi, ya zama santimita 70, ƙarfin ya ninka zuwa kimanin kilo 600. Wannan ɗan lissafi shi ne ginshiƙin duk wata muhawara a kan zaɓen matokari.

Kakuri ta riga ta koyar da wannan

Mutanen Kaduna ba baƙi ba ne ga wannan dabara, ko da sunanta bai zama sananne ba. A 1975 masana'antar Peugeot Automobile Nigeria, wadda aka fi sani da PAN, ta fara haɗa motoci a Kakuri. Motar da ta fi fito da sunanta ita ce 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. An daina yin ta a Turai tuntuni, amma Kakuri ta ci gaba da fitar da ita har shekarun farko na wannan ƙarni. Ita ce motar sakataren gwamnati, ita ce motar ɗan sanda, ita ce kuma wagon ɗin da ke tashi daga tashar Kawo zuwa Zariya da Kano cike da fasinja da kaya.

Duk tsohon bakaniken da ya kwanta a ƙarƙashin Fijo ya san farfelarta ba a fili take ba. Tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri wanda ya haɗa bayan giyabos da kwanson giyar baya. A wagon, mai aksul guda da ke ɗauke da tayoyin biyu, wannan bututu shi ne ke hana aksul murɗewa, yana kuma kai turin tayoyi zuwa tsakiyar motar. Aikin matokari ke nan, sai dai an yi shi da siffar bututu, an kuma ɓoye farfela a ciki, nesa da ƙura da laka da duwatsu.

Injin 504 mai lita 2 da kabureta bai kai ƙarfin doki 100 ba. Duk da haka 504 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson, wani samfurinta mai injin silinda 6 ya sake ci a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Tseren Safari na dubban kilomitoci ne a kan hanyoyin ƙasa, cikin laka da ƙura da ramuka, kuma yawancin motocin da ke shiga ba sa kai wa ƙarshe. Abin da ya ba Fijo nasara shi ne ƙafafunta suna da wurin motsi, sifirinta yana da taushi, tayoyinta suna bin ƙasa duk yadda ƙasar ta kasance. Injiniyoyinta sun fahimci cewa a kan mummunar hanya tayar da ke manne da ƙasa ta fi wadda aka ɗaure da ƙarfe mai tauri amfani. Dalilin da ya sa direbobin haya suka riƙe ta shekaru talatin ke nan, ba don ƙauna kawai ba.

Ita kuwa kasuwar matokarin zamani daga wani wuri ta taso. Kamfanin General Motors ya sa matokari a Chevrolet Camaro da Pontiac Firebird daga 1982 har 2002. Na kamfani farantin ƙarfe ne da aka lanƙwasa, kansa yana zaune cikin roba a wutsiyar giyabos. Waɗannan motoci sun shahara a tseren miƙaƙƙen fili na Amurka, inda ake gudun mita 402 a kan shimfiɗaɗɗen titi mai santsi da ake shafa wa sinadarin ƙara kamun taya. A can babu rami, babu kwana, babu ɗan acaba da zai faɗo gaba. Ƙananan kamfanoni irin su BMR da UMI da Spohn sun gina kasuwanci a kan yi wa irin waɗannan motoci matokarai na bututu, kuma suna yin iri-iri, wasu na titi, wasu na fili. Matsalar ita ce hoton da ya fi ɗaukar ido a waya yawanci na fili ne.

Tambayar farko: motar tana buƙatarsa?

Kafin a yi maganar iri ko farashi, akwai tambayar da ke kore yawancin masu saye tun daga ƙofa. Matokari na motar da ke da aksul guda ne a baya, wanda tayoyin baya ke turawa. Corolla da Camry da Accord da Golf da Fijo 406, waɗanda suka cika titunan Kaduna, duk tayoyin gaba ke jan su, don haka babu abin da za a tokare a bayansu. Marsandi 190 da ta fito a 1982, da motocin BMW, da Dodge Charger na zamani, tayoyin baya ke tura su, amma kowace taya tana motsi ita kaɗai, kwanson giyar kuma a ɗaure yake da jikin motar. Camaro daga 2010 da Mustang daga 2015 su ma sun koma wannan tsari. Wanda ya sayar wa mai irin waɗannan motoci matokari ya sayar masa da abin da ba shi da wurin zama.

Abin da ya rage shi ne tsofaffin Camaro da Firebird, waɗanda da ma da shi suka zo, da kuma Mustang masu aksul guda, waɗanda ba da shi suka zo ba. A mafi yawan Mustang na 1979 zuwa 2004, sanduna huɗu ne ke riƙe aksul, biyun sama a karkace suke domin su hana shi zamewa gefe. Mai son sa matokari a irin wannan mota yakan cire sandunan saman, kuma da zarar ya cire su babu abin da ke hana aksul tafiya hagu ko dama. Dole ya ƙara sandar Panhard, wadda ta samo sunanta daga wani tsohon kamfanin motoci na Faransa, ya kuma sake duba ƙarfin sifirin baya. Ƙarfe ɗaya da aka gani a waya ya zama aikin sake gina bayan mota gaba ɗaya. Wanda ya sa matokari ya bar sauran ya fito da motar da bayanta ke lilo a kwana.

Ko a motar da ta cancanta, sai a tambaya ko wace cuta ake magani. Sau da yawa abin da mai mota ke kira zamewar taya ko tsallen baya ya samo asali ne daga bushin da ya ruɓe, ko shokazoba da ta mutu, ko tayoyin da suka tsufa suka bushe tun kafin su baro Turai. Motar da ta yi shekara ashirin tana buƙatar a mayar da ita yadda kamfani ya fitar da ita kafin a yi tunanin zarce kamfani. Sabon bushin da shokazoba mai kyau da tayoyi huɗu masu rai sukan warkar da abin da aka zaci sai ƙarfen ƙasar waje.

Abubuwa huɗu da ke raba na kirki da na ado

Na farko tsawo ne. Gajeren matokari yana tura jikin motar sama da ƙarfi lokacin tashi, shi kuma jikin ya danna aksul ƙasa, sai taya ta kama. Abin da ɗan tsere ke nema ke nan. Amma lissafin yana aiki ta fuska biyu. Idan aka taka birki da ƙarfi, gajeren matokari yana jan jikin motar ƙasa yana ɗaga aksul sama, nauyi ya ragu a kan tayoyin baya, su fara tsalle. Ɗan tsere yana da dogon fili a gabansa bayan ya ƙetare layi. Mai tuƙi a baifas da yamma, tsakanin tirela da Keke Napep da yaran da ke tsallaka titi daga makarantar Islamiyya, ba shi da wannan fili. Motar da ta ƙara saurin tashi da rabin daƙiƙa amma ta rasa natsuwarta a birkin gaggawa ta yi cinikin asara, kuma ba mai motar kaɗai ke biyan asarar ba.

Na biyu mazaunin kai ne. A Camaro da Firebird, kan matokari yana kan wutsiyar giyabos, wadda da alminiyam aka yi ta. Idan an ƙara wa injin ƙarfi sosai, ko aka sa matokarin da ba ya lanƙwasa ko kaɗan, duk bugun da farantin kamfani ke shanyewa sai ya sauka a kan wannan wutsiya, kuma tana iya tsagewa. Shi ya sa ake sayar da wasu matokaran tare da ƙarfen giciye na musamman wanda ke mayar da nauyin kan shasi. Dabara ce mai kyau, amma tana da farashi biyu. Ƙara da girgiza suna shigowa cikin motar, kuma ƙarfen giciyen yakan sauko ƙasa fiye da na asali. Motar da da ma cikinta na kusa da ƙasa, idan aka ƙara rage mata tazara, kowane tudun rage gudu da kowane ramin da ruwan Agusta ya haƙa a layukan cikin unguwa zai zama abokin gabarta. Akwai kuma abin da masu ƙirar gida ke yawan mantawa: kan matokari dole ya samu damar zamewa gaba da baya kaɗan, domin aksul ba miƙe yake hawa da sauka ba, baka yake zanawa. Idan aka ɗaure kan gam, ƙafafun bayan motar za su cije, kuma ƙarfen zai nemi inda zai tsage.

Na uku bushin ne. Iri uku ake samu. Roba tana da taushi, tana shanye bugu, ba ta buƙatar kulawa. Foliyuretan, wanda yawanci ja ko baƙi ne mai tauri, yana rage motsi amma yana buƙatar giris akai-akai, in ya bushe ya yi ta ƙara. Na uku ƙwallon ƙarfe ne cikin zoben ƙarfe, babu roba ko kaɗan. Shi ne mafi daidaito a fili, shi ne kuma mafi saurin mutuwa a nan, domin yawancinsa ba shi da murfin da ke kare shi. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana shiga tsakanin ƙwallo da zobe ta zama kamar yashin goge ƙarfe, damina ta zo ta ƙarasa da tsatsa. Bayan 'yan watanni sai ƙwanƙwasa ta fara, kuma ba abu ne da za a aika yaro Panteka ya samo ba. Wanda ya ɓoye farfelar Fijo cikin bututu ya san abin da ƙura ke yi.

Na huɗu kusurwar hancin aksul ce. Yawancin matokaran kasuwa suna da noti mai zare da ake juyawa domin ɗaga hancin aksul ko sauke shi. Ana tallata wannan a matsayin falala, kuma falala ce ga wanda ke da ma'auni. Kuros ɗin farfela yana son aiki a ƙaramar kusurwa, digiri ɗaya zuwa uku, kuma yana son kusurwar gaba da ta baya su yi kusan daidai domin rashin daidaiton juyawar ɗaya ya soke na ɗayan. Bambancin digiri biyu ido ba ya ganinsa. Amma mota tana jinsa, za ta fara rawa a wani gudu na musamman, kuros ya riƙa mutuwa ba dalili, a yi ta canza shi ana zargin jabu. Ma'aunin kusurwa ƙaramin abu ne mai maganaɗisu, ba shi da tsada, ana kuma auna motar ne tana tsaye a kan tayoyinta a wuri mai baje, ba a rataye a kan jak ba. Garejin da ba shi da wannan ma'auni ya fi kyau ya sa wa mota matokarin da ba a juyawa, wanda aka ƙera a kan kusurwar kamfani.

Batun mai walda

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na wannan shekara, duk abin da ake saye da dala ya yi tashin gwauron zabo. Ba abin mamaki ba ne idan mai mota ya kalli hoton matokari ya ce ai bututu ne da faranti, mai walda zai yi shi da rana ɗaya. Kuma gaskiya ne Kaduna tana da maƙera na zamani masu basira. Tsohuwar kasuwar Panteka da ke Tudun Wada, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ta daɗe tana fitar da injinan niƙa da na sussuka da kayan gyaran da babu su a shago.

Sai dai matokari ba ƙofa ba ce ko kejin janareto. Ƙarfe ne da ake lanƙwasa sama da ƙasa sau dubbai a kowace tafiya, kuma irin wannan aiki yana gajiyar da ƙarfe a hankali, tsaga ta fara kamar gashi a gefen walda, ta yi ta girma ba a gani, har ranar da ta cinye. Bututun famfo ba a yi shi domin wannan ba. Ƙarfen kuromoli da ake yin matokaran tsere da shi kuma yana son waldar iskar argon ta ƙwararre, domin zafin da ya wuce kima yana raunana shi a daidai gefen ɗinkin. Kusoshi ma suna da daraja, lambar da ke kansu, 8.8 ko 10.9, tana faɗin ƙarfinsu, kuma kusar da ba ta da lamba ba ta da gurbi a nan. Idan matokari ya karye ana cikin gudu, aksul yana juyawa nan take, farfela na iya tsinkewa, bututun man birki na iya yankewa, kan ƙarfen kuma na iya cakar kwalta. A kilomita 100 cikin sa'a, wanda shi ne iyakar gudun da hukumar FRSC ta yarje wa ƙananan motoci a babbar hanya, mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Babu direban da ke da lokacin gyara kuskure irin wannan.

Wannan ba hujjar hana maƙerin gida aiki ba ce. Hujja ce ta cewa wanda zai ƙera ya san irin ƙarfen da ke hannunsa, ya yi aiki da zane da awo, ya gwada a fili kafin a hau titi, ya kuma ce wa mai mota ya dawo a duba ɗinkin bayan 'yan makonni. Ƙungiyar kanikawa ta NATA, wadda ke da rassa a garejoji da dama, ita ce ta fi kusa da iya mayar da wannan al'ada, domin jami'in KASTLEA ko na FRSC da ke tsaye a titi ba zai kwanta a ƙarƙashin mota ya duba walda ba.

Abin da masu son sauyi ke cewa

Suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa kamfani ba don inganci kaɗai yake ƙira ba, yana ƙira ne da lissafin kuɗi, kuma farantin da General Motors ta lanƙwasa shi ne mafi arha da zai yi aikin. Gaskiya ne. Camaro ta 2002 mai injin silinda 8 tana da ƙarfin doki sama da 300, kuma wanda ya ƙara mata ƙarfi da faɗin taya zai iya kai farantin iyakarsa. Suna kuma cewa na asali ya yi wuyar samu, motar da aka daina yi fiye da shekara ashirin ba kullum ake samun kayanta sabo ba. Wannan ma gaskiya ne. A irin wannan hali matokarin bututu mai cikakken tsawo, daga kamfanin da aka sani, mai bushin roba ko foliyuretan, zaɓi ne mai hankali, har ya fi tsohon farantin da ya riga ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa.

Inda hujjar ke rauni shi ne zaton cewa duk abin da ya fi tauri ya fi kyau. Ƙarfin da injin ke fitarwa ba ya ɓacewa don an ƙarfafa sanda ɗaya, yana matsawa ne zuwa abu mafi rauni da ke biye. Yau matokari, gobe wutsiyar giyabos, jibi haƙoran aksul, wanda a waɗannan Camaro da ma ƙarami ne kuma sananne ne da saurin karyewa idan taya ta kama sosai. Kowane ɗayansu sai an yi odarsa da dala, a jira makonni, motar tana zaune a ƙarƙashin bishiya tana tara ƙura. Garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma batun inda za a yi amfani da wannan ƙarfi. A ƙasashen da wasan mota ya kafu, akwai filaye masu shinge da dokoki da masu duba mota kafin ta shiga. A biranen Arewa abin da aka fi gani shi ne wasan mota a ranar ɗaurin aure ko bikin kammala karatu, a kan titin jama'a, 'yan kallo a tsaye ba shinge. Sha'awar matasa ga injin ba laifi ba ce, kuma garin da ya yi shekaru yana haɗa motoci, wanda har yanzu masana'antar Dangote Peugeot ke aiki a gefensa tun 2022, ya cancanci filin da za a koyi tuƙi da ƙira cikin tsari. Kafin a samu wannan fili, duk motar da aka shirya domin tsere a kan hanyar mutane za ta yi tserenta.

Saboda haka bakaniken da ya san aikinsa, idan matashin nan ya miƙo masa waya, ba zai fara da farashi ba. Zai sa a ɗaga motar ya duba ko tana da aksul ɗin da za a tokare. Zai girgiza bushin, ya danna bayan motar ya ga ko shokazoba na da rai, ya karanta shekarar da ke jikin taya. Zai tambaya: "Ɗana, ina kake zuwa da ita? Abuja, ko cikin gari?" Idan bayan wannan duka matokari ne maganin, zai zaɓi dogo, ya ɗaure shi da kusoshi masu lamba, ya auna kusurwa, ya fita da motar wurin da babu mutane ya taka birki da ƙarfi ya ji yadda bayanta zai yi. Idan kuwa ba shi ne maganin ba, zai faɗa, ko da hakan na nufin cinikin ranar ya tafi garejin da ke maƙwabtaka. Yaran da ke tsallaka baifas da yamma ba su san an yi wannan magana ba, amma da su aka yi ta.